Shafi Goma Sha Ɗaya

Littafin ɗaya ne tak a duk layinmu na Aboabo,
ba bango, an ɗinke bayansa da zaren buhu.
Adiza ce ta tono shi a Kejetiya,
ƙarƙashin tsofaffin littattafan lissafi,
sidi takwas, bayan ciniki har da rantsuwa.

Ni mai gyaran waya ne, ina ruwana.
Sai dai in an ɗauke wuta, fitilata kaɗai ke ci,
su kuwa su yanyame bakin shagona kamar tururuwa ta ga sukari:
Inusa, Sharifa, 'yan biyun mai koko,
har Kwabena ɗan mai katako
wanda Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu.

Adiza ta karanta da Turanci, ta juya da Hausa,
inda Hausa ta cije ta aro Tonanci,
inda duk suka ƙi, ta ƙarasa da hannu.

Wai wani jirgi ne ya bar duniya,
shekara ɗari uku yana keta duhu tsakanin taurari.
A ciki ake haihuwa, a ciki ake tsufa.
Wata yarinya mai ba tumatirin jirgin ruwa
ita ta gano matuƙa sun manta inda aka dosa.

Na ce, ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.
Sharifa ko ɗago kai ba ta yi ba:
Baba, dalmarka na ɗiga.
Ta ɗiga kuwa, a kan wayar mutane,
don kunnena ya riga ya bar ni.

Suka rubuta layi da alli a ƙofata, kowa kwana biyu.
Inusa ya zarce tasharsa a mota, sai Tafo,
ya dawo a ƙafa, yana karatu yana tuntuɓe.
'Yan biyu suka ƙera jirgin da gwangwanin madara
da matattun baturana, ba sallama ba izini.
Har faɗa an yi, kwana uku ba gaisuwa,
a kan ko na'urar jirgin tana da tausayi.

Ranar Alhamis suka kai ƙarshe,
ashe babu ƙarshen.
Shafi goma sha ɗaya wani ya yage.
Shiru, kamar an aiko da rasuwa.
Mai littattafan Kejetiya ya ce su tambayi mai gyaɗa,
wataƙila an ƙunshe wa wani a ciki.

Sai kowa ya sayi biro.
Kwabena ya saukar da su a duniya mai rana biyu.
Sharifa ta juyo da su gida.
Inusa ya kashe rabinsu, aka yi masa ca.

A daren suka manta shi kan bencina.
Na bi shi da yatsa, baƙi bayan baƙi,
har ladan ya yi gyaran murya.

Kakan babana da jakuna ya iso garin nan neman goro,
ya ce kwana uku zai yi.
Zango ai wurin sauke kaya ne kafin a wuce.
Ga mu nan har yau, muna kiran sa zango,
ina ɗauke da sunan garin da ban taɓa gani ba.
Wa ya ce mana nan aka dosa?

Da safe na ɗauki alli,
na sa sunana ƙarƙashin na 'yan biyu.
Adiza ta duba, ta dube ni.
Baba, kai ina ka kai su?

Ban kai su ko'ina ba tukuna.
Yarinyar na nan tana ba tumatir ruwa,
ni kuma biro na ya ƙare.
Ara mini naki.